Mutumin da Ke Cikin Garmaho

Asakusa, Tokyo
Oktoba, 1931

Zuwa ga yayata Kikuno,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da maigidanki Yaya Gonpei. Mu nan ƙalau muke. Matata Sumie tana gaishe ku, ta kuma ce in faɗa muku da bakina tunda ita kunya take ji: ciki gare ta. Yanzu ko warin kifi ba ta son ji, ni kuwa kin san ni da kifi, sai in laɓe a lungu in ci kamar mage.

Jaridu sun ce bana rani bai yi zafi a arewa ba, shinkafa ta tsaya ba ta yi ido ba. Ki rubuto mini gaskiyar abin da kuka samu a gonarmu, kada ki ɓoye mini.

Sai maganar mai awara. Kin ce ta gaya wa Inna wai aikina a Tokyo shi ne in tsaya cikin duhu ina yi wa inuwa ihu, Inna kuma ta daina sayen awararta. To ki zaunar da Inna ki karanta mata wannan a hankali, tunda ba a taɓa kai fim ƙauyenmu ba.

Inna, fim hoto ne mai motsi, amma bebe ne. Mutanen ciki suna buɗe baki, ba abin da ke fita. Ni nake tsayawa a gefen farin ƙyallen in ba su baki. In jarumi ne ni ne, in ɓarawo ne ni ne, in budurwa ce tana kuka, ni ne dai. A tsakani kuma in gaya wa jama'a abin da ke zuciyar kowa. Benshi ake ce mana. A ƙasana masu kiɗa suke zaune, babbansu tsoho Oguri mai kaɗa shamisen, molon nan mai tsirkiya uku, wanda in na ja numfashi ya riga ya san inda zan sauke shi. A ƙofar gidan silimar sunan ɗanki ya fi na 'yan wasan girma. Mutane ba sa tambayar wane fim ake yi yau, sai dai su ce wa zai yi magana. Ki koma ki ci awararki, Inna.

Bari in ba ku dariya. Gidan silimar da ke tsallaken titi sun sayo wata na'ura daga Amurka, wai fim mai magana da kansa. Muka shiga ni da Oguri mu gani. Yaya, da kin ji! Baturiyar da ke cikin fim ɗin ta buɗe baki sai ka ce agwagwa aka rufe a garwa, ga shi da yarensu, ba wanda ya tsinci kalma ɗaya. Oguri ya raɗa mini, "Wannan ce za ta kore mu? Bari in je in sayo mata maganin mura." Har gida muna dariya.

Zan yi ƙoƙari in zo sabuwar shekara. Na san bara ma haka na ce.

Ƙanenki,
Tatsuji

Shirasaka, Akita
Disamba, 1931

Tatsu,

Wasiƙarka ta iso, mun yi murna da labarin Sumie. Ka daina cin kifi a gabanta, marar tausayi. Mu ma da sauƙi, ba wanda yake kwance.

Ka ce kada in ɓoye maka. To, abin da muka girbe bai cika rabin rumbu ba, kuma yawancinsa ƙaiƙayi ne. Muna haɗa shi da ganye da saiwoyin daji. Gonpei ya bi masu saran katako zuwa Hokkaido, sai ƙanƙara ta narke zai dawo. Daga ni sai Inna a gidan, dusar ƙanƙara kuma ta riga ta kai taga.

Na karanta wa Inna bayaninka. Ta yi dariya har da hawaye a wurin agwagwar nan, ta sa na yi ta maimaitawa sai da maƙogwarona ya bushe. Washegari ta saka takalmanta ta tafi wurin mai awara, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ɗana shi kaɗai mutum goma ne, naki ɗan ko mutum ɗaya bai cika ba." Ni na je na ba matar haƙuri.

Tsufa dai ya fara taɓa ta. Ran nan na nemi butar shayi na rasa, ashe ta saka ta cikin akwatin tufafi ta lulluɓe. Wani lokaci takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. In na ce, "Inna, ni ce Kikuno," sai ta ce, "Na sani mana, wa ya ce ban sani ba?" Ba wani abu ba ne, sanyi ne da rashin cin kirki.

Ta ware ɗan abin da ya fi kyau a shinkafar, ta ce na wainar sabuwar shekara ne, ba mai taɓawa sai ka zo. Duk motsin da ta ji a waje sai ta ce in duba. Ka zo, Tatsu. Ko hannu biyu ka zo da su, ka zo.

Yayarka,
Kikuno

Asakusa
Fabrairu, 1932

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Sumie tana nan, cikin ya fito sosai.

Ki yafe mini rashin zuwana. Sabuwar shekara ita ce lokacin da gidan silimar ya fi cika, maigidan ya ce ba mai motsawa. Na so in nuna masa cewa ba zai iya yi ba sai da mu. Na yi magana safe da yamma har bakina ya daina jin ɗanɗanon abinci.

Duk a banza. Abin nan da muka yi wa dariya ya shigo gidanmu. An fara da korar masu kiɗa. Oguri ya naɗe shamisen ɗinsa cikin ƙyalle, ya rusuna wa kujerun da ba kowa a kansu, ya fita ta ƙofar baya. Na bi shi har titi, na rasa abin da zan ce masa, ni da magana ce sana'ata.

Yaya, muryata ta ƙare. Ban sani ba ko zan sake tsayawa gaban mutane in buɗe baki. Kada ki gaya wa Inna. Hannuna ba ya son riƙe alƙalami yau, zan sake rubutowa.

Tatsuji

Shirasaka
Maris, 1932

Tatsu, ƙanena,

Na karanta wasiƙarka. Wane irin ciwo ne? Akwai tari? Ka ga jini? Ka manta haka Baba ya fara, muryarsa ta dushe muka ce sanyi ne, kafin shekara ta zagayo mun binne shi? Kai kuma ka tsaya kana ba ni labarin Oguri. Oguri tsoho ne, hutu ya kamace shi. Kai fa da za ka zama uba?

Ga ƙunshi nan na aiko. Zuma ce ta wurin matar limamin haikali, da busasshiyar saiwar nan mai ɗaci da ake dafa wa masu ciwon wuya. Safe da yamma, kada ka ce ɗaci. Na taka cikin ƙanƙara har haikalin kan tudu na karɓo maka laya, ka rataya a wuya, ko 'yan birni za su yi maka dariya. Kuma ka je wurin likita na gaske. In Sumie ba za ta iya raka ka ba, ka nemi maƙwabci.

Ban gaya wa Inna ba. Ba ma sai na ɓoye ba. Wainar da ta ajiye maka ta bushe ta tsage. Ta daina tambayarka, Tatsu. Ko sunanka ba ta ambata yanzu. Na ɗauko hotonka na nuna mata, ta kawar da kai ta ci gaba da kallon wuta. Ba zan iya rubuta sauran ba, kuma mai kai wasiƙu yana tsaye a ƙofa.

Ka ba ni amsa da wuri.

Kikuno

Asakusa
Afrilu, 1932

Yaya Kikuno,

Ina fatan kina lafiya. Ƙunshin ya iso, na gode. Sumie ce take shan zumar. Wuyana lafiyarsa lau, ba tari, ba jini. Da ma ciwon ne, da na san wurin likitan da zan je.

Aikin ne ya ƙare, Yaya. Yanzu ana yin fim mai magana da yarenmu, na Turawan kuma sai a rubuta fassarar a gefen hoton. Maigidan ya kira ni ofis ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce, "Tatsuji, ba ni da abin kushewa a aikinka. Amma jama'a sabon abu suke so." Na ce, "Jama'ar da suke kiran sunana?" Ya ɗaga labule ya nuna mini layin da ke tsallaken titi. Na gane fuskoki da yawa a ciki. Har da wani mai aski da ya taɓa bina gida yana roƙon in sa masa hannu a mafici.

Mun shiga yajin aiki, mu da masu kiɗa da 'yan matan da ke nuna wa mutane kujera, gidajen silima da dama a unguwar. Mun rufe kanmu a ciki, mun jera benci a bakin ƙofa. Daga saman bene nake yi wa mutanen titi jawabi. Suna tsayawa, suna tafi, wani ma ya yi ihu, "Yi mana muryar budurwar!" Daga nan su tsallaka su shiga layi.

Sai maganar Inna. Na karanta, na fahimta. Tun ranar da na bar gona ba ta yafe mini ba, na sani, rashin zuwan nan ne ya cika mata ciki. Amma a kawar da kai daga hotona? Ni da nake kwana a kan benci don in tsira da abin da zan riƙa aiko muku? In ta cire ni daga cikin 'ya'yanta, ki ce mata na ji. Ba sai ta wahalar da bakinta da sunana ba. Ke ma kada ki ƙara takawa cikin ƙanƙara saboda ni.

Tatsuji

Shirasaka
Yuni, 1932

Tatsu,

Wannan ce ta uku. Biyun farko sun dawo mini, an rubuta a baya wai ba mai wannan suna a gidan. Wannan zan aika ta hannun iyayen Sumie, ko za a dace. Ban san ko kana raye ba, ban san ko Sumie ta sauka ba. Mu dai muna nan. Gonpei ya dawo da ciwon baya, amma yana fita gona.

Na ji daɗi da wuyanka lafiya, na ji kunyar wautata. Amma kai wautarka ta fi tawa. Wane fushi? Inna ba fushi take yi da kai ba. Ba ta san ka ba ne. Laifina ne da ban iya rubuta shi ɓaro-ɓaro ba, gani nake in na rubuta ya tabbata.

Ba ta san hoton ba, Tatsu. Ni ma yawancin kwanaki ba ta san ni ba, "baiwar Allah" take ce mini, tana yi mini godiya in na ba ta abinci. Gonpei kuwa tsoronsa take ji, in ya shigo sai ta ɓoye a bayana ta ce wani ƙato ya shigo mana gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fitar da take yi. Da na juya baya ta kama hanya. Ran nan a bakin rafi masu dashe suka tsinto ta, ruwa har gwiwa. Na ce, "Inna, ina za ki?" Ta ce, "Na ajiye yaro a wani wuri, na manta inda na ajiye shi." Na ce wane yaro? Ta yi ta motsa baki tana neman sunan, ta kasa, sai ta fashe da kuka. Yanzu in zan shiga gona sai in ɗaura ɗamara a ƙugunta in ɗaura ɗaya bakin a nawa, ta zauna a kan kunya ina dashe. Mutane suna kallo. Na daina damuwa da kallo.

Likitan gari ya zo sau ɗaya, ya ce ba magani, a dai riƙa lura da ita.

Ban ce ka zo ba, na gaji da cewa. Ina so dai ka san ba a cire ka daga ko'ina ba.

Yayarka

Honjo, Tokyo
Yuli, 1932

Zuwa ga Yaya Kikuno,

Ni ce Sumie. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da Inna da Yaya Gonpei. Ki gafarta mini rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Na sauka, mace ce, sunanta Chiyo. Ta zo kafin lokacinta, 'yar mitsitsiya, har yanzu ba ta kama nono sosai. Mun tashi daga Asakusa mun koma ɗaki ɗaya a bayan gidan iyayena, shi ya sa wasiƙunki suka koma.

Yajin aikin ya watse. 'Yan sanda sun riƙe maigidana kwanaki, ranar da na haihu ma yana can. An sallame su duka daga aiki. Yanzu yana cikin masu tallar titi. Yakan shafa farar hoda ya saka tufafin wasa, ya rataya ganga, su yi ta zaga unguwa suna shelar sabon shagon takalma ko na magani, tsoho Oguri yana biye da shamisen, yara suna bin su. Ba ya yarda ya bi ta titin gidan silimar. Kada ki nuna masa na gaya miki.

Da wasiƙarki ta zo bai ko wanke hodar ba ya karanta. Ya zauna a bakin ƙofa har shinkafa ta huce. Sai ya ce, "Sumie, na ce ba sai ta wahalar da bakinta da sunana ba." Abin da ya faɗa ke nan. Kullum yakan ɗauko takarda ya rubuta "Yaya", ya tsaya. Shi ya sa na ce bari ni in rubuto.

Yana son zuwa, amma ba hali yanzu, kuma yana tsoron ya tafi yarinyar nan ta mutu a bayansa. Ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ke cikin akwatin katakon nan faifan garmaho ne. Lokacin da yake tashe wani kamfani ya ɗauki muryarsa yana bayanin wani fim. Shi kaɗai ya rage mana. Shi ya naɗe shi da hannunsa cikin rigarsa ta aiki. Ya ce ko akwai mai garmaho a wajenku, a saka wa Inna, wataƙila kunne ya tuna abin da ido ya manta. Kada a bar shi a rana.

Ƙanwarki,
Sumie

Shirasaka
Agusta, 1932

Sumie da Tatsu,

Barka da arziki. Ina fatan Chiyo ta fara kama nono. Sumie, ki riƙa shan romon kifi ko ba kya so. Tatsu, ba sai ka rubuto ba, na ji.

Faifan ya iso bai fashe ba. Malamin makaranta yana da garmaho, ya ce mu zo bayan an tashi yara. Na goya Inna, don ƙafafunta sun fara kumbura. Kafin mu isa labari ya bazu, rabin ƙauyen yana tsakar makarantar, har da mai awara a sahun gaba.

Malam ya wana hannun, ya ɗora allurar. Aka ji shuuu, sai shamisen, sai kai. Tatsu, ban taɓa jin ka kana aiki ba. Wani matuƙin jirgin ruwa ne da matarsa suna sallama a bakin teku, kai ne shi, kai ne ita. Na san muryarka ce amma na ga matar da idona. Mai awara ta yi kuka har da majina. Gonpei, da ba ya kuka ko a jana'iza, ya tashi ya fita.

Ni Inna nake kallo. Ta miƙe zaune, ta karkata kai. Na ce a raina yau kam. Da faifan ya ƙare ta ce, "Wane ne wannan? Bakinsa da daɗi."

Na ce, "Ɗanki ne, Inna. Tatsuji."

Ta yi dariya ta ce, "Haba baiwar Allah. Ni ɗana ƙarami ne, kuma in'ina yake yi. Kafin ya ce ruwa sai ƙishirwa ta kashe shi."

Na manta ma ka taɓa yin in'ina, sai da ta faɗa.

Ta sa aka sake sakawa. Ana cikin yi ta rarrafa ta leƙa cikin ƙahon, ta ƙwanƙwasa akwatin, ta juyo ta ce wa Malam, "Ku ba ku da tausayi? Mutum yana ta magana tun ɗazu ba wanda ya ba shi ko ruwa." Ta karɓi kofin shayin da matar Malam ta ba ta, ta ajiye a gaban garmahon, ta rusuna. Ba wanda ya yi dariya.

Tun ranar kullum sai ta ce in kai ta wurin mutumin cikin akwati. Malam mutumin kirki ne, amma ya ce allura tana cin faifan, in ana sakawa kullum zai shafe. Ya riga ya fara shuuu fiye da da. Ban san yadda zan yi ba. In na hana ta, ta yini tana kuka. In na kai ta, muryar tana raguwa.

Kikuno

Shirasaka
Nuwamba, 1932

Sumie,

Ina gaishe ki, ina fatan ke da Chiyo kuna lafiya, tarin nan kuma ya sake ta. Ki gaishe da su Babanki, ki ce wa Oguri ya riƙe mini gangata. Ni lafiya, sai gajiyar hanya.

Ni da masu yawo da tsofaffin fina-finan nan da suka ɗauke ni aiki mun gama da garuruwan bakin teku. A nan har yanzu ana son benshi, don na'urar ba ta iso ba tukuna. Da muka zo kusa na roƙi shugaban ya ba ni kwana kaɗan, zan tarar da su a gaba.

Yaya ta rame, ta yi furfura. A bakin hanya na same su, ita da Inna, ɗamara ɗaya a ƙugunsu. Na durƙusa na ce, "Inna, na dawo." Ta rusuna mini kamar yadda ake yi wa mai karɓar haraji, ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Ba ka ga wani ɗan yaro a hanya ba?" Na ce ban gani ba.

Tana girmama ni ƙwarai. Takan ba ni wuri mafi kusa da wuta, ta ce wa Yaya a ƙara wa baƙo miya. In na taɓa hannunta sai ta janye a hankali don kada in ji kunya.

Faifan ya kusa shafewa, sai ka kasa kunne kake jin magana a ƙarƙashin ƙarar. Yaya ta ce, "To ga mai abin ya zo, yi mata da bakinka." Jiya da rana na saka rigar aikin, na tsaya a gefen ƙofar takarda, na yi mata matuƙin jirgin da matarsa tun daga farko. Sumie, ban taɓa yi kamar jiya ba, ko a ranar da gidan ya fi cika. Na ba shi duk abin da nake da shi. Yaya ta toshe baki da hannun riga.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta tafa a hankali. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari, baƙo. Amma akwai wani a makaranta, cikin akwati, ya fi ka iyawa. Ka je ka ji shi, za ka ƙaru."

Na ce to, zan je. Yaya ta fara dariya, ni ma na kama, muka yi ta yi har Gonpei ya leƙo ya ga ashe ba dariya muke yi ba.

Yau da safe na ɗaura kayana. Yaya ta ce in tafi kawai, ba abin da zamana zai ƙara, bakin ci ne kuma ya ƙaru. Gaskiya ta faɗa. Likita ya ce zuciyar Inna da ƙarfinta, tana iya kai shekaru a haka. Na kalli Yaya lokacin da take gaya mini, na kasa gane ko labari mai daɗi take ba ni.

Inna ta dunƙula mini shinkafa da hannunta, ta naɗe a ganye, ta rako ni har bakin ƙofa. Ta dube ni sosai, ta daɗe tana dubana, har na ɗauka ta gane ni. Sai ta ce, "Baƙo, kana da uwa?"

Na ce, "Ina da ita."

"Tana raye?"

"Tana raye."

Ta ce, "To ka koma wurinta. Bai kamata babban mutum kamarka ya zo ya zauna a gidan mutane ba, ita tana can tana duban hanya."

Na ce, "To, Inna."

A tasha nake rubuta miki wannan, jirgin ya makara. Shinkafar tana kan cinyata, da sauran ɗuminta, na kasa buɗewa.

Mijinki,
Tatsuji